Ƙibar Yaya Adama

Ni ba mai son dogon zance ba ce, tun ina ƙarama haka nake. Idan mutum ya fara kewaye-kewaye sai in ji kamar in sa hannu a bakinsa in zaro maganar. Mutum ɗaya tak na taɓa zama na saurara har ta kai aya, ita ce kakata ta wajen uba, wadda muke kira Nnako. Shi ma ba haƙuri ne ya zaunar da ni ba, hannuna ne yake cikin tunkuza, babu damar tashi.

Banufiya ce daga Bida. Bayan rasuwar mijinta ta biyo Baba zuwa Minna, ta zauna da mu a gidan haya a Fadikpe. Sana'arta ƙuli-ƙuli. Da rana a soya gyaɗa, a kai inji, a matse mai. Da an idar da sallar magariba sai ta hura murhu a tsakar gida ta ɗora kasko, mu kuma yaran gidan mu zagaye faranti muna murza tunkuza. A kawo wuta ko a ɗauke, ba ruwan Nnako, tata wutar tana gabanta. Hayaƙi yana shiga idonta, tana share hawaye da bakin zane, bakinta bai fasa tatsuniya ba. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne, muna dariya a ɓoye. Har yau idan na ji ƙamshin man gyaɗa a wuta sai in ji ɗumin murhun nan a ƙwaurina.

Yayata Adama ta girme ni da shekara shida. Doguwa ce, siririya kamar sillen kara. Ba rashin ci ba ne, takan tashi da malmala biyu ta sakwara ta nemi ƙari, abin ne ba ya zama a jikinta. Ƙarfi kuwa, jarka biyu take ɗaukowa daga famfo ba ta ajiye a hanya. Amma wa ya damu da ƙarfi? Maƙwabciyarmu Maman Ladi mai doya, mutuniyar Beji, da ta hango ta sai ta ce, "Adama, riƙe ƙofa da kyau, ga iska nan tafe!" Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya na san siket biyu take sawa a ƙarƙashin kayan makaranta, a cikin zafin Minna.

Wata rana aka je suna a dangi, wata gwaggonmu ta ja Mama gefe, da murya irin wadda ake so a ji, ta ce, "Yarinyar nan an gwada jininta kuwa?" Da muka dawo Yaya Adama ta shige ɗaki ta ƙi fitowa murza tunkuza. Nnako ba ta aika a kira ta ba. Ta dai juya kujerarta ta fuskanci tagar ɗakinmu, ta ɗaga murya.

"Ku murza da hannu, ku ji da kunne. Ga wata ta taso daga bakin kogin Kwara."

Muka ce, "Ta iso lafiya."

Wai a wani garin masunta an yi wata yarinya marar jiki. Idan an fita dandali ba mai kallonta, uwarta ma mata ba sa gaishe ta da daraja. Rannan yarinyar ta tafi bakin wani tafki a bayan gari ta zauna tana kuka. Sai ga wani tsohon kwaɗo ya leƙo ya ce, "Nama dai ba ni da shi. Amma ina da ruwa, shi ma yana cika fata." Ta ce ta yarda. Ta sha tafi bakwai, ta miƙe a cike, kumatu sun fito, wuya ya yi gunduwa-gunduwa. Da ta shigo gari makaɗa suka bi ta. Matan da ba sa gaida uwarta suka zo har gida da ƙwaryar fura.

"To sai me ya faru?" in ji ni. "Nnako, ki yi sauri mana."

"Uwar gaggawa," ta ce, tana juya kasko. "Ƙuli ma sai ya sha wuta yake ƙara a baki. Murza."

Sai dai kullum gari ya waye, tabarmar da yarinyar ta kwana a kai jiƙe take sharkaf. Uwar takan riga kowa tashi, ta naɗe tabarmar ta kai bayan ɗaki inda ba mai wucewa, ta shanya. Yarinya ta kasa ɗaga taɓarya, uwar ta ce hutu ne irin na manyan mata. Ta kasa hawa gangaren rafi, uwar ta ce ai mai jiki ba ta gudu. Da rani ya yi, tafki ya fara ƙafewa, sai ya kira ruwansa. Shi kuwa ruwan ya riga ya gauraya da na jikinta, da ya tashi fita bai tsaya tantancewa ba. Da safe aka tarar da zane da awarwaro a kan tabarma, da sawun danshi tun daga bakin ƙofa har tafki.

"Na sauke a nan," in ji Nnako. "Mai wuya ya ɗauka."

Na ce, "Ai kwaɗayinta ne ya ja mata. Wa ya aike ta?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Haka ka ji?" Daga ɗaki kuwa ko tari ba mu ji ba.

Shekara biyar bayan nan, ina aji huɗu a sakandare, Yaya Adama ta gama koyon ɗinki ta kama shago. Yini take tana zagaya tef a ƙugun matan mutane tana rubuta lamba. Wata daga cikinsu ce ta nuna mata wani kemis a bayan kasuwa. Abin da ta sayo a can ƙwayoyi ne ƙanana farare a ƙullin leda, babu suna babu takarda, da wata kwalba mai zaƙi. Sha-ka-fashe ake ce musu. Na gan su a gwangwanin maɓallai ina neman allura. Ta fizge gwangwanin ta ce, "Maimuna, ki rantse ba za ki faɗa ba. Wata uku kawai, in ɗan cika in bari." Na rantse. Ko tsayawa tunani ban yi ba.

Kafin wata biyu fuskarta ta zama kamar faranti. Maman Ladi ta rangaɗa guɗa a tsakar gida ta ce, "Ashe ke kyakkyawa ce muna zaune!" Gwaggon nan mai maganar gwajin jini ta riƙe ta tana jujjuyawa tana cewa yanzu ta zama mutum. Mama ta saya mata atamfa. Yaya Adama ta je aka ɗauke ta hoto, ta dawo ta goge duk tsofaffin hotunanta a waya, na makaranta ma ta yayyaga. Wata uku suka wuce, ba ta bari ba. Wa zai bari?

Ni kuwa ina ganin abin da ba sa gani. Cikinta ya yi layi-layi kamar fatar za ta tsage. Ciwon kai kullum. Jarka ɗaya ma sai ta ajiye sau uku tana haki. Da yamma ƙafafunta kamar an hura, takalmi ba ya shiga, sai ta taka bayansa. Amma ban taɓa ganin yayata tana tafiya kai a sama ba sai a lokacin nan, wannan ma gaskiya ce.

A lokacin yanar ido ta rufe Nnako, ta bar suya, da hannu take ganin mutane. Wata Juma'a da la'asar Yaya Adama ta sa sabon ɗinki ta durƙusa ta gaishe ta. Muna tsakar gida, ni da Mama da Maman Ladi. Nnako ta shafa fuskarta, ta shafa damtse, ta gangara har ƙwauri. Ta danna babban yatsa, ta ɗan jima, ta ɗaga, sannan ta sake shafa wurin. Ramin yana nan, bai taso ba. Na gan shi da idona kafin Yaya Adama ta ja zane ta rufe.

"Wannan ba nama ba ne," in ji Nnako.

Mama ta ce, "Haba Nna. Da tana rame an yi magana, yanzu Allah ya rufa asiri kuma a yi magana?"

"Idona ya mutu, na Maimuna bai mutu ba." Ta juyo saitin da ta ji numfashina. "Uwar gaggawa, ɗaki ɗaya kuke kwana. Bakinka ba ya ɓoye abu. Me Adama yake sha?"

Yaya Adama ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, roƙo ne.

Na ce, "Shayi da burodi."

Aka fashe da dariya, Maman Ladi har da buga cinya. Suka yarda, don kowa ya san ni, ni ce mai faɗa wa mutum bakinsa yana wari a gaban jama'a. Idan Maimuna ta ce babu, to babu. Nnako ba ta yi dariya ba. Ta saki ƙafar ta ce a miƙo mata butarta.

Bayan wata biyar Yaya Adama ta kife a kan keken ɗinki. A asibiti likita ya tambayi me take sha, tun yaushe. Mama ta ce ba ta shan komai. Ni na ce, "Sha-ka-fashe. Wata goma sha ɗaya." Mama ta juyo ta dube ni, kallon da ba na fatan maƙiyina ya gani. Likitan ya ce jininta ya hau tun tuni, ƙodojinta sun gaji, da an kawo ta lokacin da ƙafa ta fara kumbura da akwai magana. Kwana goma sha tara ta yi a asibitin, ta rasu. Nnako ta bi ta da damina, ba ta taɓa yi mini maganar shayi da burodi ba, ko sau ɗaya. Na so ta zage ni.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan mai kemis, da gwaggo, da Maman Ladi da iskarta. Duk suna da rabonsu, ban yafe wa kowa ba. Amma yanzu idan tatsuniyar nan ta dawo mini, ba yarinyar nake gani ba, ba kwaɗon ba. Matar nan nake gani da sassafe, tana sanɗa da jiƙaƙƙiyar tabarma zuwa bayan ɗaki. Ina shekara goma na ɗauka labarin mai kwaɗayi ne, don a lokacin ban san mutum yana iya kashe nasa da tausayi ba. Ba muguwa ba ce uwar nan. Ta ga 'yarta tana dariya ne, ta ce bari a ƙara kwana ɗaya.

Hoto ɗaya ne ya rage na Yaya Adama, wanda ta ɗauka da atamfar nan. Mama ta sa an faɗaɗa shi, yana rataye a falo. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta tsaya a gabansa ta ce, "Allah sarki, ga ta a cike, son kowa." Ni kuma na daina bari ya wuce. Makon jiya wata ta zo da 'yarta budurwa, siririya, yarinyar ta ƙura wa hoton ido tana ta kallo. Na ce, "Ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Magani ta sha, shi ya kashe ta. Wannan fuskar da kike gani ciwo ne."

Baƙuwar ta ja 'yarta suka yi sallama, ko ruwa ba su sha ba. Mama ta tattara kofunan a hankali, ta kai bakin ƙofa, ba ta juyo ba ta ce, "Sai yanzu bakinki ya buɗe."