Masifar Manang Sioning

A ƙauyenmu na bakin teku, in kana son sanin ko Manang Sioning ta tashi lafiya, ba sai ka je gaishe ta ba, daga ɗakinka za ka jiyo. Busasshen kifi take sayarwa a bakin kasuwa. Ka taya, ta tambaye ka ko ubanka ne ya kamo. Ka saya ba tayi, ta ce girman kai ne. Mijinta Manong Berting ya kurumce tun da sauran ƙarfinsa, mutanen gari kuwa sun ce ba ciwo ba ne, dabara ce. Ko wurin Fada, limamin coci, ta je furta zunubi, na maƙwabta take kai masa.

Amma duk macen da jini ya ɓalle mata a garin nan, ita ake kira.

Kowa ya san yadda abin yake, ba a dai faɗa. Mace da 'ya'ya biyar, shinkafa ba ta kai ƙarshen mako, sai ga wata ya wuce ba ta ga al'ada ba. Doka ta hana, coci ya hana, sai ta hau dutse wurin tsohuwa mai tausa a murje mata cikin. Wata ta sauko lafiya, wata ta sauko da zazzaɓi. A asibitin birni kuwa, da nas ta gane abin da aka yi, sai a ajiye ki a benci ki yi tunanin zunubinki, wani lokacin har a ambaci 'yan sanda. Shi ya sa mata suke gwammace su ja ƙofa su yi shiru.

Haka Delfa ƙanwar mijina ta yi. Ta kwanta ta ce mura ce. Da na ɗaga mayafinta na ga irin murar, sai na ruga kasuwa.

Manang ta bar kifinta a hannun ƙudaje ta biyo ni.

"Tashi, Inday," ta ce wa Delfa, don haka ake kiran yarinya a wajenmu.

"Manang, za su kira 'yan sanda."

"Su kira mana. Ni ma da ma ina da magana da su."

A babur mai ƙafa uku muka tafi. Manang ta ɗora kan Delfa a cinyarta tana shafa mata goshi, ko tari ba ta yi ba. Wannan shirun ya fi jinin tsorata ni. Sai da muka iso ƙofar asibiti ta gyara ɗaurin zani, ta yi gyaran murya, ta dube ni.

"Ke kuma, ko me kika ji, kar ki sa baki."

Muna shiga ta ɓare baki. "Ku zo ku ga 'yar banzar da na haifa! Ku bar ta nan a ƙasa, kar wanda ya taɓa ta!"

Delfa ba 'yarta ba ce, ko dangin nesa ba su haɗa ba. In za a bi ta bakin Manang a ƙofar asibitin nan, rabin matan garinmu ita ta haife su.

Wata babbar nas ta fito da faɗanta a baki, ta tarar an riga ta, ba a rage mata ko kalma ɗaya ba. Sai ta juya kan Manang.

"Nanay, rage murya, nan asibiti ne," ta ce, tana kiranta yadda muke kiran uwa.

"Asibitin me? Ki bar ta ta ɗanɗana kuɗarta. Yau ko ruwa kar a ba ta."

"Ke wace irin uwa ce?" in ji nas. "Ba kya ganin jinin da take zubarwa?" Ta juya ta ƙwala kira a kawo gadon turawa. Da hannunta ta kama Delfa tana cewa, "Sannu, Inday, rabu da ita." Mai gadi ya tasa ƙeyar Manang waje, tana tafe tana zagin hularsa.

An yi wa Delfa wankin ciki, aka ƙara mata jini, likita ya ce za ta tashi. Na fito da daɗi a raina, da haushi kuma, don zagin ya shige ni ko da na gane na dabara ne. Na tarar da Manang a bencin jira, ta lallaɓo ta dawo, muryarta ta dishe.

"Manang, ai da kin ɗan sassauta. Har ni na kusa yarda."

Ba ta yi dariya ba. Ta dafa bencin da tafin hannunta.

"Ke baƙuwa ce, aure ya kawo ki, ba ki san 'yata Lorna ba. A nan muka zauna da ita tun safe. Ina ta don Allah, ina ta na gode, duk wanda ya wuce na rusuna masa. Kowa ya yaba ladabina. Sai da la'asar suka kira sunanta, lokacin ta riga ta yi sanyi a cinyata."