Yadda Na Kori Hanyar Mota

Na sha jin 'yan boko suna bayanin yadda gwamnati ke zaɓen inda za ta yi hanya, wai da taswira da awo da taron manya. Ban musa ba. Ni dai sau ɗaya na ga an zaɓi hanya, kuma da ƙwarya biyu da tsakuwa aka yi, har da hannuna dumu-dumu a ciki.

Lokacin yaƙin Turawa na biyu ne. Mijina na cikin waɗanda aka ɗauka soja, ya bar ni da uwarsa, tsohuwa mai ciwon ƙafa da bakin da bai taɓa ciwo ba. Gonarmu a kan tudu take, duwatsu sun fi gero yawa. Abin da ke riƙe da mu shi ne furar da nake sayarwa a mashigin ƙoramar da ke gefen garinmu, arewa da Buza. Akwai wani babban gawo a bakin mashigin, nan nake zama. Duk mai jakin da ya taso daga Tamaske da albasa, duk Buzun da ya gangaro da raƙuma daga wajen Ibohaman za shi Madawa, sai ya ratsa yashin nan, kuma wanda ya ratsa shi da rana tsaka ba ya iya wuce fura. Idan ƙafa ta yi yawa a mashigin, mu ci mu ƙoshi. Idan ta yi ƙaranci, ni da tsohuwa mu kwana muna kallon juna.

Akwai wani mashigin can yamma, kusa da wani ƙauye da muka raina. Bi ta can zagaye ne, yashinsu kuma ya fi namu zurfi, don haka ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya.

Wata ranar kasuwa da rani, na iso da sassafe na tarar da gardi a inuwata. Gardi shi ne ɗan sandan kumandan, Baturen da ke mulkinmu, ga jar hula ga bulala, wanda ko gaisuwarsa ba a so. Wannan kuwa dattijo ne mai tumbi, ya cire takalma ya miƙe ƙafa, ga ƙwarya a gabansa da tarin tsakuwa a gefe. Na shimfiɗa tabarmata nesa kaɗan ina satar kallonsa. Jaki ya wuce, ya jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Raƙumi ya wuce, ya jefa biyu. Mutum mai tafiya da ƙafa ko kallo bai ishe shi ba.

Ni ba na iya ganin abu in yi shiru, halina ne tun ina ƙarama. Na dama fura mai kauri na kai masa.

Na ce, "Sannu da aiki, gardi. Mi kaka ƙidaya haka tun da sahe?"

Ya ce, "Jakkai da raƙumma."

"Na mi?"

"Kumandan yac ce in zamna nan kasuwa ukku in ƙidaya. Ni ban tambai shi ba, ke ma kak ki tambai ni. Ƙaro hurag ga."

Na ƙara masa. Mu a lokacin mun san ƙidaya sarai. An ƙidaya kawunanmu, lanho ya biyo baya, wato haraji. An ƙidaya samari, mijina ya tafi inda ban san sunansa ba. Ko bara waccan da aka zo aka leƙa rumbuna, sai da kowa ya kai gero rumbun gwamnati. Ba a taɓa ƙidaya mu aka kawo mana wani abu ba. To yau an zo kan dabbobi, me ya rage a tambaya?

La'asar na yi na kife ƙwarya, ban ko biya gida ba, na zarce zauren mai gari. Tsoho ne mai sanyin magana, aminin mahaifina.

Na durƙusa na ce, "Baba, jakkai aka ƙidaya yanzu. Bana su za a kai yaƙi."

Ya shafa gemu ya ce, "Ɗiyata, kin tabbata?"

Na ce, "Da idona nig gani, Baba."

Abin da na gani da idona tsakuwa ce kawai, sauran duk ni na ƙara, amma a lokacin ban ga bambanci ba. Dattawa suka taru, aka yanke shawara cewa kasuwa biyun da suka rage gardi ba zai ga ko jelar jaki ba. Namu za a ɗaure su a gida. Na baƙi kuma a tare su tun daga nesa a juya su. Wa ya san fataken nan ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba ya son nono da yawa? Ni. Da kaina na ce a bar mini wannan.

Ranar kasuwa ta biyu na yi sammako na tsaya a mararraba, bayan dutsen da ke kare mashigin. Duk ayarin da ya ɓullo sai in tare shi.

"Ku bi ta yamma, gardi na mashigi shina amsar bisashe!"

Ba wanda ya tsaya gardama. Wani Buzu ma har addu'a ya yi mini. Da hantsi ya yi, wasu maza suka karɓe ni, na ɗauki furata na tafi gawo na zauna kamar ban san komai ba. Ranar gardi ya sha barci har da minshari. Jaki ɗaya ya samu kafin azahar, shi ma na liman ne, wanda ya tsinke igiya don bai san da shawarar dattawa ba.

Gardi ya leƙa ƙwaryarsa ya ce, "Ke, garin nan naku mutane na cikinai kuwa?"

Na marairaice na ce, "Haka muka lallaɓawa, gardi."

Kasuwa ta uku ma haka. Furata ta yi kwantai sau biyu, tsohuwa ta yi mita har ta gaji, amma ni ko a jikina. Gardi ya ɗaure ƙwaryarsa a tsumma ya hau doki ya tafi, ba a taɓa jakin kowa ba. A gari kuwa aka sa mini suna mai ido. In na je rijiya mata su ba ni guga in fara ja. Na ji daɗin abin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba, har tafiyata sai da ta canja.

Bayan kaka aka kira masu gari duka zuwa Madawa. Namu ya yi kwana huɗu ya dawo, ya aika a kira ni tare da dattawa. Tun daga yadda ya zauna na san ba lafiya.

Ya ce kumandan ya tara su a gaban biro, wato ofishinsa, ga ƙwarya biyu a kan tebur. Tafinta ya yi bayani cewa za a yi hanyar mota zuwa arewa, kuma dole ta haye ƙoramarmu. Simintin da aka aiko daga Yamai na daɓe mashigi ɗaya ne tak, yaƙi ya cinye sauran. Kumandan ba ya son ya zuba shi inda ba kowa, shi ya sa ya aika gardi biyu, ɗaya wurinmu ɗaya mashigin yamma, don ya ga inda mutane suka fi bi. Sai ya juye ƙwaryar yamma, tsakuwa ta yi tsibi har tana zuba ƙasa. Ya juye tamu, ba ta kai rabin wancan ba, ita ma albarkacin ranar farko ce.

Ashe duk ayarin da na juya, kai tsaye na tura shi gaban gardi na biyu. Sun gan shi, amma ba mashigi na uku, suka haye suna salati, ba wanda ya ce musu kanzil. Mutanen ƙauyen kuwa ko tambayarsa ba su yi ba, lalacinsu ya cece su.

Wani dattijo ya ce, "To ba ka hwaɗa mai gaskiya ba?"

Mai gari ya ce, "In ce mai mi? Mu munka kore su? Da yanzu ina gidan kaso."

Bai dube ni ba, bai kuma ambaci sunana ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Wasu suka ce ai gara haka, hanya ba ta kawo komai sai aikin tilas. Wannan lallashin bai kai wata guda ba, domin da aka tashi aiki daga kowane gari aka ɗebi mutane. Mazan garinmu suka yi rani guda suna ɗaukar duwatsu a ka, suna daɓe mashigin wasu.

Mota kam sai a yi kwanaki ba a ga ko ɗaya ba. Amma jaki ba wawa ba ne, mai jaki ma haka. Wanda ya samu daɓe mai ƙarfi, da ko damina ana hayewa, me zai kai shi yashi? Kafin shekara ta zagayo ƙafa ta ɗauke daga wurinmu. Na yi kasuwa huɗu ina zama ƙarƙashin gawo ni da ƙudaje. A ta biyar tsohuwa ta ce in ba zan je inda mutane suke ba, in faɗa mata ta san yunwa ce ajalinta.

Na ɗora ƙwarya a ka na kama hanyar yamma, ban isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Na tarar da wuri ya cika, rumfuna sun tashi, matan ƙauyen sun jera ƙorai a duk inda inuwa take. Na raɓe can ƙarshe cikin rana, ina fatan kada kowa ya gane ni. Ina sauke kaya wata mai fura, babbar mace mai murya, ta miƙe tsaye.

"Ku matsa, ku matsa! Ga wadda tak kawo muna hanya. Wagga baƙuwa ba ta zamnawa rana!"

Aka fashe da dariya har da guɗa. Da gaske kuwa suka matsa, suka ba ni gefen tabarma a inuwa. Na yi dariya tare da su don ba yadda zan yi, na gode musu, na zauna. Amma da na ɗaga faifai na ɗebo fura, ludayin farko kuɓuce mini ya yi ya zube a ƙasa.