Yayata da Ta Ji Bugun Tauraro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran yayata, malamar ilimin taurari a jami'a, bayan doguwar jinyar ciwon suga.

Yaya, ni ce ƙanwarki da ke kai ki wurin aiki tun da ciwon ya cinye miki ido. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ba ki taɓa raina tambayata ba. A kicin kika soke lemo da tsinke kina juya shi, kika ce haka wasu taurari suke bayan sun mutu: sukan dunƙule har ba su wuce faɗin gari guda ba, suna juyi kamar mazari. Maganaɗisunsu na da kai biyu, kuma daga kawunan ne igiyoyin rediyo ke fita kamar hasken tocila. Duk juyin da hasken ya ratso ta kanmu, sai na'ura ta ji bugu ɗaya.

Da ganinki ya tafi, hukumar jami'a ta kira ki, cikin ladabi, ta ce ki huta. Wai aikin na kallon zane ne a kwamfuta, makauniya me za ta yi da shi? A mota na yi ta kuka, ke kuwa ko gezau. Kika ce, "Share hawayenki kada ki jefa mu a kwata. Ido suka ce na rasa, ba kunne ba."

Kika roƙi a ba ki zangon karatu guda. Kika sa ɗalibanki suka mayar da saƙon wani tauraro sauti, kina saurare a ƙaramin ofishinki, an kashe fanka, kina ta zufa. Wata rana da azahar kika ce akwai wani siririn bugu da ke ɓoye tsakanin manyan biyu. Abokan aikinki suka ce ƙarar janareto ce. Ba ki yi musu ba, kika aika wa masu babbar na'ura a wata ƙasa su duba. Amsa ta dawo: bugun na nan, daga ɗaya kan maganaɗisun yake fitowa. Ashe tauraron kawunansa biyu yake nuna mana, shekara da shekaru ana kallon zanensa ba a lura ba.

Ranar da kika gabatar da binciken ina riƙe da hannunki. Zauren ya miƙe tsaye ana tafi, har da waɗanda suka ce ki huta. Kika raɗa mini, "Tashi suka yi? Ce musu su zauna, ban gama ba." Daga nan ba a sake yi miki zancen hutu ba. Kika ci gaba da koyarwa har ƙafa ta gaza, kuma ɗalibai makafi biyu da kika biya wa karatu ba mu sani ba, su ke zaune a ofishinki yanzu.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya mayar miki da ganinki a Aljanna, ya sa ilimin da kika bari ya riƙa isar miki da lada. Inna, Allah ya ƙara miki haƙuri. Maigidanta, 'ya'yanta da ɗalibanta, Allah ya ba mu dangana, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.