Bambar Kawu Ilu

Ku da kuka zauna tashar Gazawa kun san Kawu Ilu ba ya gaida kowa da safe sai ya gaida bambar bayan motarshi. Zai zagaya, ya duƙa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen nan da zobe sau uku, ya kasa kunne. In ƙarar ta yi mashi, sannan ya ɗago ya ce, "To, kun kwana lafiya?" Ni Sanusi ɗan ƙanwarshi ne, ni ke karɓar tuƙi in ya gaji, kuma ni ne sanadin da bambar nan take jingine a zaurenmu wata biyar ke nan. Bari in fara da na dariyar, don in na fara da ɗayan ba zan kai ƙarshe ba.

Motar dai kun san ta. Taga ɗaya kwali ce, ƙofa sai da igiya, duk bai dame shi ba. Amma bamba? Haba! In ji shi, mota ba bamba dattijo ne ba wando. Ko tunkiya ta goge ta sai ya kwance ta. Ya shiga ƙarƙashi da kile, wato sifana, ya cire noti huɗu, ya zuba su cikin hula, ya mayar da hular kai. Sai ya ɗora bambar bisa kututture, ya ce a miƙo mashi taɓaryar matarshi, Inna Rabi. Wai guduma tana bar ma ƙarfe tabo.

"Malam, hatsi fa na cikin turmi!" in ji Inna wata rana.

"Hatsi ya jira, shi ba ya da lodi gobe."

Ranar sai bayan la'asar muka ga fura.

Wani mai walda ya taɓa ce mashi, "Kawu, wannan ai ta mutu. Ga wata can an kawo daga tsallaken iyaka, sabuwa fil."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Ba ta mutu ba, ta lanƙwashe ne. Kai da bayanka ya riƙe bara, sabon miji aka kawo ma matarka?"

Jandarma ma bai sha ba. Ya tsayar da mu a hanya, ya ce, "Tsoho, ina madubin motar nan?" Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gani." Ya kai shi baya, ya nuna mashi bambar da ya goge da toka tana ƙyalli. Wallahi mutumin nan duƙawa ya yi ya gyara hularshi a ciki, ya ce mu tafi.

To, bana ƙafafun Kawu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mashi wuya. Likitan Gazawa ya ba da takarda, ya ce a kai shi asibitin Maradi, kada a yi jinkiri. Da ƙyar muka shawo kanshi ya ce to, washegarin kasuwar Gangara. Ni na ja motar zuwa kasuwar, shi yana gida kwance. Wajen juyowa na yi baya, na daki amalanke. Loɓawar ba ta kai tafin hannu ba. Na goge wurin, ban gaya ma kowa ba.

Da safe Inna ta ɗaure kaya, na ta da mota. Kawu ya fito yana dafa bango, ya zagaya baya, ya ƙwanƙwasa. Ya sake ƙwanƙwasawa.

"Sanusi, muryarta ta sake. Kawo kile."

"Kawu, don Allah mu je mu dawo, sai a gyara."

"In shiga Maradi a loɓe, direbobi suna kallo?"

Mutumin da ba ya iya ruku'u sosai ya kwanta ƙarƙashin mota, ya kwance bambar, ya zuba noti a hula. Na ce to, mu tafi hakanan. Ya ce ba ya fita ba wando. Na ce mu shiga motar wani. Ya ce tun da ya fara tuƙi bai taɓa zama yana kallon ƙeyar wani direba ba. Raina ya ɓaci, na ɗaga mashi murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Kawu, mutuwa fa za ka yi!"

"Ban mutu ba, na lanƙwashe ne."

Maƙwabta da suka zo sallama suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, kuma dariyar nan har yau tana ci mani rai.

Aikin da yake gamawa kafin azahar ya ɗauke shi kwana uku. Ya buga sau biyu, ya zauna yana haki. Na ce ya ba ni, ya ce hannun da ya ɓata ba shi zai gyara ba. Inna ta ɓoye taɓarya, ya ƙi cin abinci, ta fito da ita tana kuka. Da ƙarfi ya kamata in cicciɓe shi in sa a mota, ya zage ni iya zagi. Ban yi ba. Kunyarshi na ji.

Rana ta uku bayan azahar ya ƙwanƙwasa sau uku, ya yi murmushi, ya ce, "Yauwa! Gobe mu tafi." Ya jingina da bango wai zai huta. Da Inna ta kawo mashi fura, ta kira shi bai amsa ba.

Wajen wankan gawa aka cire hular, noti huɗu suka zubo bisa tabarma. Suna aljihuna yanzu haka. Direbobi suna ta ce mani in ɗaura bambar in koma lodi, gida na buƙata. Sau biyu ina ɗaukar kile ina ajiyewa. Na shafa bambar daga wannan kai zuwa wancan ina neman inda na loɓa, wallahi ban samu ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya sa kabarinshi ya yi mashi faɗi, ya ba Inna Rabi haƙuri. Ni kuma ya yafe mani kwana ukun nan.