Taya Mai Tsada da Kunyar 'Yar Fari

Tun ina aji tara Baba ya yi mini alkawari: ranar da na samu lasisin tuƙi, tsohuwar motar gidanmu ta zama tawa, in riƙa zuwa makaranta da ita. Motar irin mai kujeru bakwai ce, ta girmi ƙanina, ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai an lallashe ta da ƙafa. Amma ni a idona jirgin sama ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a garinmu Laurel, nan ƙasar Turawa, da sanyin safiya yana jiran bas ɗin makaranta, hanci na zuba, yatsu sun ƙage, ƙananan yara na jifan juna da ɓawon lemo ta saman kansa, ya san abin da nake nufi.

Na samu lasisin lokacin da ganyaye suka fara zuba. Na shigo gida ina ɗaga shi sama kamar na ciyo kofi, na miƙa hannu wurin da ake rataye makulli, na tarar da ƙusa ita kaɗai. Mama ta riga ni. Ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Ta ce, tana kallon tukunya ba ni ba, "Motar nan ba ta fita da waɗannan tayoyin."

Da gaskiyarta. Tayoyin sun suɗe har suna sheƙi. Ƙuda in ya sauka a kansu sai ya zame ya karya ƙafa.

Sai na yi bayanin Mama kafin in ci gaba. Ni ce 'yar fari, ita kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce "ke", ni ce "waccan", in ranta ya yi fari kuma ni ce "yayarku". Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ni. Daga Kano ta ɗauko kunyar nan, ta haye teku da ita, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube a hanya ba. Ranar taron iyaye malamarmu ta tambaye ta wace ce 'yarta, Mama ta nuna ni da leɓe. Baiwar Allah malamar ta juya tana duba bango.

Ranar Asabar ni da Baba muka tafi shagon tayoyi. Baba mai haɗa magani ne a wani asibiti, mutum mai natsuwa, har sai an zo maganar sayen abu. Nan ne ɗan kasuwar da ke kwance a jininsa yake farkawa.

Mai shagon wani dogon Bature ne mai yawan murmushi. Ya mirgino mana tayoyi biyu. Ya ce dukansu na kowane yanayi ne, da zafi da ruwa da sanyi, ba sai an canza ba. Ɗaya mai tsada, ɗaya mai araha. Ni dai na duba, na sake dubawa, baƙi ne da baƙi.

Baba ya dafa mai arahar ya ce, "Ita wannan, kusurwa huɗu gare ta?"

Mutumin ya ce a'a, ita ma zagaye take. Ya ce mai tsadar ta fi kama titi in an taka birki cikin ruwa, ba ta da ƙara, kuma ta fi daɗewa.

Baba ya juyo gare ni da Hausa. "Kin ji. Ƙara. Motar da ke tari tun daga gida har masallaci, ƙarar taya ce za ta dame mu? Wai ta fi daɗewa. Motar ce ba za ta daɗe ba. So yake mu binne ta da sabon takalmi."

Ya zaɓi mai araha. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Ashe yanzu aka fara. Baba ya ce a rage masa. Mutumin ya juyo da fuskar kwamfuta ya nuna masa farashi. Baba ya ce ai ba da kwamfuta yake magana ba, da mutum yake magana, ɗan'adam mai zuciya. Mutumin ya ƙara faɗaɗa murmushi, farashi bai motsa ba.

Baba ya raɗa mini, "Tashi mu tafi. Kada ki waiwaya. Kafin mu kai ƙofa zai kira mu. Haka ake yi."

Muka kama hanyar ƙofa. Ban taɓa ganin lafiyayyen mutum ya yi tafiya a hankali irin ta ranar ba. Hawainiya da ta gan mu sai ta ce mu ba ta hanya tana sauri. Muka isa ƙofar, irin mai buɗe kanta ce. Ta buɗe. Baba ya tsaya yana gyara hula. Ta rufe. Ya matsa kaɗan, ta sake buɗewa. Wata tsohuwa ta zagaye mu ta wuce tana harararmu.

Sai ga muryar mai shagon daga baya yana kira. Fuskar Baba ta washe.

"Kin gani? Kasuwa duk ɗaya ce a duniya."

Mutumin ya iso da gudu, ya miƙa wa Baba tabaransa da ya manta a kan tebur, ya yi mana fatan alheri. Har muka isa gida ba wanda ya yi tari, sai motar.

A gida Baba ya sanar cewa mai araha zai saya, sati mai zuwa, a wani shagon da ake mutunta mutane. Mama ta ce mai tsada za a saya.

"Saboda me, Maman yara?"

"Saboda ta fi."

"Ta fi ga wa?"

Mama ta kau da kai. Can ta ce, "Akwai barewa da yawa a hanyar nan. Bayin Allah ne su ma."

Baba ya kwashe da dariya har da buga gwiwa. Ya san dalilin sarai. Kowa a gidan ya sani, har kyanwar maƙwabta. Amma Mama ba za ta buɗe baki ta ce tana jin tsoro saboda 'yarta ta fari ba. Shi kuma Baba shekara da shekaru yana neman hanyar da zai sa ta faɗa, yau ga dama ta zo masa har gida.

Ya ce, "Ki ba ni dalili ɗaya mai suna, gobe in saya."

Ta ce motar take tausayi. Ya ce motar ta yafe. Ya kawo sulhu, a sa masu tsada biyu, masu araha biyu. Mama ta ce to in an taka birki wane rabin motar ne zai tsaya? Daga nan suka daina yi wa juna maganar kai tsaye, suka mayar da ni waya. "Ke, gaya wa babanku araha ba ta ado." "Gaya wa mamanku ba ado za a je yi ba, makaranta za a je." Suna zaune a kujera ɗaya fa.

Ni kuwa ina bas. Lasisi a jaka, ɓawon lemo a ka. Ƙawayena suna wuce ni a motocinsu suna ɗago mini hannu kamar masu yi wa fursuna sannu. Sanyi yana ƙaruwa, makulli yana bakin zani.

Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai dabara ta faɗo mini. Mutum ɗaya ce a duniya Baba ba ya ja da maganarta: mahaifiyarsa, kakata, da ke Kano. Shi ne autanta, har yau da furfurarsa Auta take kiransa. Ni kuma ƙawarta ce, haka take ce mini. Na ɗauki katin waya a durowar Baba, na kankare, na kira ta.

Niyyata in ɗan ƙara gishiri kaɗan. Amma hannuna ya zarce, buhun ya zube gaba ɗaya. Na ce mata a nan ƙanƙara tana zuba har ta shafe rufin gida, sai an haƙa rami ake fita. Na ce titi yakan koma kamar an zuba miyar kuɓewa a kan tangaran. Na ce motoci suna juyawa a tsakiyar hanya kamar 'yan rawa, taya mai araha kuwa da tsofaffin silifa ake narka ta, kuma ita ɗanta yake so ya sa mini.

Kaka ta yi salati mai tsawo. Ta ce, "Bar ni da shi, ƙawata."

Na kwana ina murmushi.

Washegari Lahadi da hantsi Kaka ta yi filashin, Baba ya kira ta, ya saki muryar wayar don kowa ya gaisa. Mama ta jawo mayafi ta rufe kai, ta durƙusa a gaban wayar kamar yadda ta saba, kamar Kaka na hango ta ta cikin igiya. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi sanyi, aka tambayi mutanen da ni ban san an haife su ba. Sannan Kaka ta gyara murya.

"Auta, ashe kashe mini ƙawa za ka yi?"

Baba ya miƙe tsaye. "Ni, Hajiya?"

"Na ji komai. Ƙasar da ake haƙa rami kafin a fita, a cikinta za ka ba yarinya mota? To ba mai tsada, ba mai araha. Yarinyar nan ba za ta taɓa sitiyari ba sai ta yi furfura kamar ni. Ta shiga motar makaranta kamar 'ya'yan mutane."

Na haƙa rijiya, na faɗa da kaina, har na jawo murfin. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya gane inda labarin ramin ya fito. Ya ce da ladabi, yana danne dariya, "To, Hajiya. Yadda kika ce." Shi ai gaba ta kai shi, ba sayen taya ko ɗaya.

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini yatsa. Ba a katse Kaka. Na dubi Mama. Kanta na sunkuye, tana murza bakin zanin nan da makullin yake ciki. In akwai wanda ake jin kunyar ɗan fari a gabansa fiye da kowa, to suruka ce. Na riga na fara yi wa motar bankwana a zuciyata.

Sai na ji Mama ta ce, a hankali, "Hajiya, a yi mini afuwa, zan sa baki."

"Ina jin ki."

"Wadda ake maganar, ta iya."

"Wa ke nan?" Na rantse na ji murmushi a muryar tsohuwar nan.

"Ita dai. Yayar yaran nan." Mama ta haɗiye yawu. "Lokacin da take koyo ta sha kai ni kasuwa cikin ruwan sama, ban taɓa riƙe kujera ba. In babansu ke tuƙi kuwa, addu'a nake har mu isa."

Baba ya ce, "A'a!"

Mama ba ta kula shi ba. "Ƙanƙarar ma ba ta kai yadda aka faɗa ba. Bakinta ne ya fi ta girma. Ni dai taya mai kyau nake so a sa, wadda in ta taka birki za ta tsaya. Ina wurin aiki, hankalina yana kan hanya. So nake kullum in ji ƙarar ƙofa, in san ta dawo."

Ƙanina ya bar cokali a baki. Ni kuma na yi ta kallon silin kamar yau aka sa shi.

Kaka ta saki dariya har wayar na rawa. "Yau na ji abin da ban taɓa ji ba! Auta, ka ji da kunnenka. Mai tsada za ka saya. Duka huɗun. Har da ta biyar ɗin da kuke ɓoyewa a baya."

"Hajiya, ita sifiya ai ba a..."

"Na ce har da ita. Ke kuma ƙawata, Allah ya shirye ki, maƙaryaciyar banza."

Da aka ajiye waya, Baba ya zauna. An ci shi da yaƙi, aljihunsa zai yi kuka, amma bakinsa har kunne.

"Maman yara, layin bai fita da kyau ba. Wa kika ce ta iya tuƙi?"

Mama ta miƙe ta ce tuwonta na ƙonewa. Ko wuta ba a kunna ba.

Shagon nan dai muka koma, don shi ne kusa. Dogon Baturen ya gane mu, ya tambayi Baba ko tabaran na nan lafiya. Baba ya miƙa katin bankinsa yana kallon gefe kamar wanda ake yi wa allura. Bayan an ɗaura tayoyin ya zagaya motar, ya daddanna kowace da babban yatsa, ya ce shi dai har yanzu baƙi yake gani. Sannan ya ce tunda ya yi ciniki mai yawa, ina gyara? Sai da na yi wa mutumin bayanin mene ne gyara. Ya yi tunani, ya ba Baba biro. Baba ya soke shi a aljihun gaba ya fito yana taƙama kamar an ba shi filin gini.

Ranar Litinin da safe na tarar da makulli a kan tebur kusa da kofin shayina. Na tambayi wa ya ajiye, ba wanda ya sani. Na shiga, na yi bisimilla, na tayar. Na wuce bas ɗinmu a kwana, na ɗaga wa 'yan ɓawon lemo hannu kamar matar gwamna.

Da na duba madubi, sai na ga wata ƙaramar mota a bayana. Na yi dama, ta yi dama. Na tsaya a danja, ta tsaya. Na leƙa da kyau, ga mayafi, ga hannu biyu an ƙanƙame sitiyari. Har ƙofar makaranta. Na ajiye mota na je na ƙwanƙwasa gilashinta.

"Mama, ina zuwa da sassafe haka?"

Ta sauke gilashin kaɗan, tana kallon gaba. "Albasa zan saya."

"Ai shagon ta can baya yake."

"Ke, wuce aji."

Kuma ta saya ɗin, don kada a ce. Washegari ma ta biyo ni, ta sayo. Haka aka yi ta yi har ƙarshen sati. Albasa ta cika kwando, ta cika ƙasan tebur, ta fara gangarowa falo. Muka ci ta a miya, muka ci ta a ƙwai, muka ci ta a shinkafa. Ranar Juma'a Baba ya leƙa kicin neman ruwa, ya fito yana share hawaye, ya ce don Allah wani ya gaya wa mamanmu yarinyar ta iya hanya.