Wakafin da ke cikin sunan Sa'adatu

Ina rubuta sunan Inna Sa'adatu a manhajar ƙungiyarmu ta New Bell, sai allon ya yi ja. Manhajar ce ke riƙe da adireshin 'yan'uwanmu da suka gudo daga rikicin Bamenda.

Na kira ƙanwata Habiba da ta haɗa ta. Ashe jiya ta saka mata wata manhaja mai gadi, tana yi wa duk rubutun da ya shigo alama kamar rini, tana bin sawunsa.

"Yaya, ɗan wakafin saman sunanta ne ya kutsa har rumbun bayanai, ya zama umarni."

"Wakafi kawai?"

"Oui. Da mugu ne, da ya kwashe adireshin kowa."

Tun ɗazu gabana ke faɗuwa, don mutanen nan a ɓoye suke. Masana, ta yaya zan san ko wani ya riga Inna shiga ta ƙofar nan?