Ajiya Sai da Shaidu

Duk wanda ya san Malam Bawa mai tafireta ya san ba ya karɓar abu sai ya juya bayansa. Ko goro ka miƙa masa, sai ya jujjuya shi, ya shinshina, sannan ya ce, "To, mi kaka so?" Shekara da shekaru muna ofis ɗaya a Gummi, ban taɓa ganin ya ci ƙosai bai fara leƙa cikinsa ba.

To ku dubi ranar da aka kawo mana kwamfuta daga Sakkwato, wajen ƙarshen shekarun tamanin, tare da wani Mista Yohanna da zai koya mana. Shugaban ofis bai ɓoye ba: mai tafiretar da ya kasa koyo, ya tafi gida. Bawa kuwa da aikin nan yake riƙe da ɗiyarsa tilo, Hajo, a makaranta, uwarta ta rasu.

Haruffa ba su ba shi wuya ba. Layin can na sama ne, masu F da lamba, ya tsone masa ido.

"Waɗanga fa?"

"Ba sa rubutu, Malam," in ji Yohanna. "Umarni suke ba na'ura, kowane da aikinsa."

Bawa ya danna ɗaya, ya leƙa gilashi, ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Maɓallin da ka taɓa bai rubuta komi gabanka ba, wani wuri ya rubuta. Rahotonmu suka kaiwa Sakkwato!" Washegari ya zo da ƙyalle da ƙaro, ya liƙe layin gaba ɗaya.

Yohanna, bawan Allah mai haƙuri, ya ce F1 taimako ne, in ka rikice ka danna ta yi maka bayani.

"Wa ya gaya mata na rikice? Mai kawo taimako ba a kira shi ba, akuyarka ya hango."

Babbar rigima kuwa F10 ce, wadda ke ajiye aikin da ka buga.

"Ajiya? Hannun wa?"

"Cikin na'urar."

"Ɗiyar wa ta? Ina gidansu?"

Ya ƙi fur. Rannan ya wuni yana buga rahoton da aka kawo daga Bukkuyum, ana dab da la'asar janareta ya yi tari ya mutu. Aikin ya tafi kaf. Kun ɗauka ya yi nadama? Ina! Tsalle ya yi: "Kun gani! Ba a ba ta ajiya ba ta cinye, ina ga an ba ta!" Muka yi dariya har da hawaye. Shugaba bai yi ba, ya ce wa Bawa Juma'a ce iyaka.

Na tarar da Bawa gindin dogonyaro, raina a ɓace. Na ce, "Bawa, wannan taurin kai naka zai fid da Hajo daga makaranta."

Ya ce, "Ajiya ba shaidu, ban gada ba."

"To ka nemi shaidu mana!" Wallahi da gatse na faɗa.

Washegari sai ga shi ya yaye ƙyallen, ya tsayar da ni dama, Yohanna hagu. "Ku shaida, na ba ta." Ya yi bisimilla, ya danna F10 da yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Aikinsa ya tsira, mu muka shiga uku. Ko tuwo ka kai baki sai ka ji, "Shaidu! Ina shaidu?"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya aika a kira mu biyu. Yohanna an mayar da shi Anka a lokacin, amma ya hawo babur ya zo. Hajo na durƙushe gefen tabarma. Bawa ya kama hannunta ya sa a nawa, ya ce, "Yohanna, shaida."

Yohanna ya daure ya ce, "Malam, ai biyu kake nema."

Ya ɗaga yatsan nan nasa sama. "Na biyun yana gani."

Na yi kuka, ban ji kunya ba. Hajo ta gama makarantarta, Bawa, ajiyarka ba ta taɓu ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya karɓe ka ba tare da ya juya bayanka ba. Amin.